Inda Kaset ɗin Baba Ya Yanke

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ne auta. Shi ya yi karatu har ya ƙure shi. Ya koyar da aikin jarida da aikin rediyo a jami'a a Kano har kansa ya yi fari, yau in za a kira shi sai an sa Farfesa a gaba. Ni kuwa ina tsakiyar sakandare aka aiko in dawo Durba, wai ƙarfin Baba ya fara raguwa, babu namiji a gida. Na dawo. Daga fartanya na hau babur, na yi acaba tsakanin Kibiya da Rano da Rurum har bayana ya ce ya gaji. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Ina so ne a san da irin zuciyar da na karɓi aikin da ya ba ni.

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya a gabana ba. Haka ake yi wa ɗan fari a wajenmu: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama a yi hira da shi. Ana yaye shi aka kai shi Rano gidan wan Baba, can ya tashi, can aka sa shi a boko, tun da su makaranta na kusa da su. In dole ta sa Baba ya ambace shi sai ya ce "na Rano," ko ya ce "wancan." In Yaya ya zo gaisuwa zai durƙusa daga bakin zaure, Baba ya juya fuska wajen bango ya amsa lafiya, lafiya, madalla, shi ke nan an gama. Ni aka bari da tsohon, da faɗansa da tarinsa da labaransa da ba sa ƙarewa. A ganina an cuce ni. Wancan ya tafi da karatu da mota da suna, ni an bar mini surutu.

A shekarun da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, Yaya ya taso da wani aiki. Littafi zai rubuta a kan yadda rediyo ya fara shigowa ƙauyukanmu: wa ya kawo shi, ina aka ajiye shi, me mutane suka ce da suka ji akwati yana magana. Ya ce na birni an rubuta, an san labarin akwatunan da aka ja wa waya aka rataye a kasuwa da ƙofar gidajen manya, amma na ƙauye yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Littafin ne zai kai shi kujerar farfesa. Wannan bai gaya mini ba, matarsa ce ta gaya wa matata.

Damina ce, motarsa ba ta iya shiga hanyoyinmu. Sai ya ajiye ta a Rano in ɗauke shi a babur, da jakarsa da rikodarsa da kwalin kaset. Abokan acaba suna ta yi mini tsiya a tasha.

"Yau kuma Dakta ka samu? A dai bi da shi sannu, kada ilimi ya zube a taɓo."

Ina dariya a fuska. A ciki ba dariya nake ba.

Muka zaga Rurum Tsohon Gari da Sabon Gari, muka shiga cikin Rano, muka dawo Kibiya. Duk tsohon da muka zauna a gabansa, in ya ɗan yi magana ya ƙare wa Yaya kallo, sai ya ce, "Tsaya, kai ba ɗan wane ba ne na Durba? To me ka zo nema a wajena? Ai ubanka shi ne sarkin sauraro." Labarin iri ɗaya ne a bakin kowa. Wani mai sayen gyaɗa ne ya fara kawo rediyo Rano, ya kafa shi a rumfarsa don manoma su riƙa taruwa a wajensa. Batirinsa kamar tubali, wayarsa an ɗaure ta can a kan wani rimi. Kowace ranar kasuwa Baba zai tako daga Durba a ƙafa, ko yana da abin sayarwa ko ba shi da shi, ko ana ruwa ko ana rana, ya zauna a kan saiwar rimin nan, wuri ɗaya kullum, ba ya tashi sai salla ta tashe shi.

Muna dawowa daga Rurum rannan, yana bayana, ya ce, "Na tuna shi a wurin. Gidan da na tashi yana kallon rumfar. In na fito wasa sai in gan shi a gindin rimi, ya karkata kunne wajen akwatin, ko kallona ba ya yi. Sai na ce a raina, ashe wanda yake so mutumin nan ya saurare shi sai ya shiga cikin akwati."

Ya yi dariya. Ni ina kauce wa rami.

Da muka sauka ya miƙo mini rikodar. "Auta, kai za ka ɗauko mini shi."

"Ni? Da wane ilimin?"

"Ba ilimi ake nema ba, yatsa ake nema. Ka danna waɗannan biyun tare, ja da baƙi, ka bar shi ya yi ta magana. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kashe. Ko tari yake yi, ko akuya ce ta shigo, ko shiru ya yi, kada ka kashe sai kaset ya ƙare da kansa."

"Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane yadda ake titsiye gwamna da tambaya, ka kasa tambayar ubanka?"

"Gwamna yana kallona in ina magana," in ji shi. "Ka ji dai abin da na ce, kada ka kashe."

Na ce masa ni ba yaro ba ne.

A lokacin kaset ɗin wa'azi ya cika gari, kowane mai shayi da nasa. Matasan malamai suna cewa kunyar ɗan fari ba addini ba ce, al'ada ce kawai, ɗa ɗa ne, a kira shi da sunansa, a ɗora shi a cinya. Ni ne kan gaba wajen yarda. A tasha ina ɗaga murya ina cewa duhun kai ne, zamaninsa ya wuce. 'Yata ta fari kuwa da gangan nake ƙwala mata kira da sunanta a tsakiyar mutane, in ɗora ta a kan tankin babur in zaga da ita, tsofaffin mata suna riƙe haɓa. Na ɗauka na fita daga abin nan fes, ba a bar mini ko ɓurɓushi ba.

Na zaci Baba zai ƙi. Lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa. Na ajiye rikodar a gabansa a zaure, ya shafa ta da hannu.

"Na wa ne akwatin?"

"Na Yaya ne."

Ya sake shafa ta. "Shi zai ji?"

"Shi zai ji, ya rubuta."

"To," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Muka riƙa zama da hantsi bayan ya sha koko. Tsohon nan da na gaji da surutunsa tun ina yaro, ashe in an ajiye masa akwati a gaba wani mutum ne daban. Ya ba da labarin dattijon da ya dage sai an buɗe bayan rediyon ya ga mutanen da ke ciki, da aka buɗe ya ga ƙwayaye suna haske ya ce to ai ga fitilunsu nan, su sun ɓuya ne. Ya faɗi yadda in mai labarai ya yi sallama duk rumfar ke amsawa gaba ɗaya, har aka je aka tambayi liman ko amsa sallamar akwati wajibi ce. Mata masu tallan fura kan gyara mayafi in muryar namiji ta fito. Mai gyaɗa kuma in ya ga an taru ba a kawo masa buhu ba sai ya kashe, ya ce batir ya yi sanyi, da an sauke buhu ɗaya batir ya warke. Baba yana faɗa yana dariya har da tari, ina barin tarin ya hau kamar yadda aka ce mini. Akuya ma ta shigo, ta hau. Na cika kaset bayan kaset, ina kai wa Yaya in ya zo Rano ƙarshen mako. Ya ce mini bai taɓa jin dariyar Baba ba sai a nan. Na ji wani iri, amma na ce masa ni ta ishe ni, in yana so ya zo ya kwashe.

Sai ranar da ta zama ta ƙarshe. An yi ruwa da safe, zauren yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya gama labarin yadda ake kai batir birni a yi masa caji, ya yi shiru mai tsawo. Na bar shirun ya hau. Sannan ya gyara zama a kan buzunsa.

"Auta, duk abin nan da na gaya maka gaskiya ne. Amma ni ban taɓa son rediyo ba. Ihu ne kawai da ƙugi. Rabin abin da yake faɗa ba na ma ji."

Na yi dariya, na zaci wani barkwancin ne zai ɗauko. Shi bai yi ba. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ranar sunan wancan…"

Ƙas. Yatsana ne. Ban yi shawara da shi ba. In ka faɗa wa mahaifinka yana wanka, kafin ka san me ka gani ka riga ka juya baya. Haka abin ya zo mini. Ubana zai yi maganar ɗansa na fari, da bakinsa, a gaban akwati mai riƙe magana, kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa, hannuna ya tafi ya rufa masa asiri. Ni mai wa'azi a tasha. Ni mai yawo da 'yar fari a kan tanki.

Bai ji ƙarar ba, ko ya ji ya ɗauka aikin akwatin ne. Ya ci gaba.

Ya ce ranar suna tun da sassafe ya bar gida kamar yadda ya kamata, kada a same shi ana barka. Bai san inda zai nufa ba, ƙafa ta kai shi Rano, ya wuni a rumfar mai gyaɗa. Da aka yaye yaron aka kai shi gidan wansa, ba shi da dalilin shiga gidan kowane mako. In ya yi, za a ce wane ba shi da ta ido, yana bin ɗansa. Amma daga kan saiwar rimin nan ana hango ƙofar gidan sarai. In ya karkata kai kamar mai sauraro, da gefen ido ƙofar yake kallo. A nan ya ga ranar da yaron ya fara gudu. A nan ya ga ranar da ya faɗi a kan dutse goshinsa ya fashe, ya ji kukan har cikin haƙarƙarinsa, bai tashi ba, ya dai damƙe saiwar har farcensa ya karye, wata maƙwabciya ce ta zo ta ɗauke shi. A nan ya gan shi ranar farko da kayan makaranta, wandon ya yi masa yawa, yana tafe yana riƙe da shi. Da yaron ya tafi makarantar kwana, Baba ya daina zuwa. Don kada a tambaye shi dalili ya sayar da tunkiya ya sayi nasa rediyon, aka ce to shi ya sa.

"Yanzu ma in an kira shi gidan rediyo yana bayani, ina ji," ya ce. "In na rufe ƙofa."

Ni nake saya masa batir. Kullum ina mita yana saurin ƙarewa.

Za a ce me ya hana ni sake dannawa a tsakiya. Na tambayi kaina fiye da yadda wani zai tambaye ni. Kaina yana tsakanin gwiwoyina, ina jin kamar ko numfashi na yi da ƙarfi na yi masa rashin kunya. Akwatin yana nan kusa da ƙafata, ban iya miƙa hannu ba.

Da ya gama ya share fuska da hannun riga. "Ya hau?"

A nan na gane. Ashe ba suɓutar baki ba ce. Tun ranar da ya tambayi wa zai ji, nan ya nufa. Duk labaran dariyar nan hanya ce yake sharewa. Mutumin da ba zai iya kallon ɗansa ba ya samu akwatin da zai kai masa saƙo, ni kuma na toshe bakin akwatin don in kare shi daga abin da shi da kansa ya zaɓa.

"Ya hau, Baba," na ce.

"To ka kai masa. Kada ka kunna a hanya. Ba kuma zan ƙara ba."

Ban ɓoye wa Yaya ba. Ranar Asabar na same shi a tsohon gidan da ya tashi a Rano, na miƙa masa kaset ɗin na ce ya tura can wajen ƙarshe. Ya saurara. Muryar Baba ta ce bai taɓa son rediyo ba, dariyata ta wauta ta fito, sannan "Ranar sunan wancan," sannan ƙas, sannan shuuu. Ya mayar baya ya sake ji. Ya sake.

"Batir ne?"

"Ba batir ba ne. Ni na kashe."

Na faɗa masa sauran ina kallon ƙasa. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya ajiye a kan jaka.

"Abu ɗaya na roƙe ka."

"Na sani."

"Ba ka so in ji ne. Kai ka same shi shekara da shekaru, ni ɗan wannan ma ka hana ni."

Da hassada ce da na fi samun sauƙi, don ita na san ta, na san inda take zaune a jikina, na daɗe ina ciyar da ita. Wannan ba ita ba ce. Amma ta yaya zan ce wa mutum kunya ce, ni da duk Kibiya ta san bakina a kan kunyar? Na ce masa ya ɗauka yadda ya ga dama.

Ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannu. "Ko kuwa ka ga ka yi ɓarna, ka zauna a hanya ka ƙaga mini labari mai daɗi?"

"Ni zan ƙaga maka labari mai daɗi? Tun yaushe muka fara haka da kai?"

Hannunsa ya tafi kan tabon goshinsa, ya sauke. "Tabon nan kowa ya san yadda na same shi. A aikinmu, Auta, abin da bai hau kaset ba ji-ta-ji-ta ne."

"To ga shi can a Durba, ka je ka tambaye shi."

Daga ni har shi mun san ba mai yiwuwa ba ne. Ya ciro sabon kaset ya ɓare ledarsa ya ba ni.

Na koma. Na ajiye rikodar a gaban Baba da hantsi kamar kullum. Ya ji motsinta, ya ce, "Me kuma?"

"Saura kaɗan ne, Baba."

"Na gama." Sannan ya ce, "Ya ji?"

Ga wurin da zan ce bai hau ba. Kalma uku ce. Amma in na faɗa, ina ce masa ke nan ya sake tuɓewa, wannan karon kuma ya san ina kallo. Na ce, "Ya ji." Ta wani ɓangaren ba ƙarya ba ce, ya ji daga bakina.

"To," ya ce, ya juya fuska wajen bango. Bai taɓa yi mini haka ba sai ranar.

Daga nan Yaya ya rage zuwa. In mun haɗu gaisuwa ce kawai. Na san a ransa yana auna maganata kamar yadda yake auna ta tsofaffin da yake zargin sun ƙara gishiri, yana ganin ba ta cika mudu ba.

Salla ta zo bayan an gama girbi, hanya ta bushe, mota na shiga har ƙofar gida. Al'adar Baba ranar salla, in an sauko daga idi, zai zauna a zaure da sabuwar riga, jikoki da maƙwabta suna shigowa. Yaya yakan zo wajen azahar ya durƙusa ya karɓi lafiya, lafiya, madallarsa ya wuce cikin gida. Ranar ina zaune kusa da Baba muka ji ƙugin mota.

"Motar wa?"

"Yaya ne."

Tsohon nan da sai an kama shi yake miƙewa, ya laluba sandarsa ya tashi da kansa. Takalmi ɗaya ya samu, ɗayan ya bar shi. Ya bi ta cikin gida, ya ratsa mata suna tuƙa tuwo, ya fita ta ɓarakar dangar baya. Ina kira yana ƙara sauri.

Yaya ya yi sallama ya shigo. Buzu babu kowa, ga carbi, ga takalmi ɗaya, ga furar da aka dama masa bai shanye ba.

"Ina Baba?"

Na ja shi muka leƙa ta ɓarakar. Can cikin gona, tsakanin karan dawar da aka sare, ga farar riga a tsaye, ya ba mu baya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Babu abin da zai kai mutum gona a ranar, balle makaho da rigar salla.

Yaya ya daɗe yana kallo. Duk zuwan da ya yi a rayuwarsa, Baba yakan kau da kai ne kawai, bai taɓa barin masa wurin ba. Yaya ma a nan aka haife shi, duk karatunsa ya san me gudun nan yake nufi.

"Ya faɗa ke nan," ya ce a hankali, ba da ni yake ba.

Ya koma zaure ya durƙusa daga bakin ƙofa inda ya saba, ya gai da buzun da babu kowa a kai, ya yi masa barka da salla da cikakkiyar murya. Ya ɗan zauna haka. Sannan ya miƙe ya ce, "Je ka dawo da shi kada ya faɗa rami. Ni zan tafi, in ina nan ba zai shigo ba." Ko tuwo bai ci ba. Na kai wa Baba takalminsa, na riƙo hannunsa muka dawo. Kafin wata sallar ta zagayo Allah ya karɓi abinsa. Ya tafi yana ganin muryarsa ta isa inda ya aike ta.

Littafin ya fito, Yaya ya samu kujerarsa. Ya aiko mini da ɗaya, da Turanci, na yi ta tuntuɓe har na kai wurin Baba. An ce wani manomi ne daga Durba da son rediyo ya sa yake takowa Rano a ƙafa kowace kasuwa. Ga labarin fitilu, ga na sallama, ga na batirin mai gyaɗa. Da muka haɗu na ce masa ya rubuta ƙarya, shi da ya ji da kunnensa an ce ba a son rediyon.

"In na sa wannan sai in faɗi dalili," ya ce. "Dalilin kuma ba ni da shi sai a bakinka." Sannan ya ƙara, "Ko da yana kan kaset ma, ban san ko zan iya bari ɗalibaina su karanta ba."

Na ce ashe yatsa ba ni kaɗai nake da shi ba. Ya ce a'a, amma nawa ya riga nasa.

Tun daga ranar sallar nan bai ƙara ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Da zagina yake yi da na rama na huta. Abin da yake yi shi ne, duk zuwan da zai yi Rano sai ya aiko a kira ni. Na daina acaba amma babur ɗin yana nan. Zai bar direbansa da mota, ya tattare babbar riga ya hau bayana, ya ce mu je wajen rimi. Rimin an sare shi tuntuni, shaguna ne a wurin. A hanya zai ce, "Auta, sake faɗa mini." Ba na iya faɗa muna kallon juna, sai ina kallon titi yana bayana, shi ma ya gane haka.

Nan matsalar take. Na faɗa na sake faɗa har maganar ta fara goguwa. Bara ya taɓa kafaɗata ya ce, "Da ka ce farcen karyewa ya yi. Yau ka ce jini ya yi." Na ce duk ɗaya ne. Ya ce ba ɗaya ba ne. Gaskiyarsa. Ban san wanne Baba ya faɗa ba. Ban san ko cewa ya yi wandon ya yi masa yawa, ko ni na ƙara don na taɓa ganin hoton Yaya da kayan makarantar. "Har cikin haƙarƙarina" ɗin nan ma, wani lokaci in ji ta da muryarsa, wani lokaci in ji irin maganata ce. Mutum yana da uba guda, uban ya yi masa magana sau ɗaya, maganar kuma tana hannun ɗan acaba da ke mantuwa.

Shi ya ce in rubuta kafin ta ƙara lalacewa, shi ya sa na zauna da biro kamar ɗan makaranta da furfurata. Na rubuta yadda ta rage mini yau. Abin da ya hau kaset kuwa ya sa an juye masa a waya. Rannan a gidansa a Kano na wuce ta ƙofar ɗakin karatunsa, a rufe, na ji muryar Baba daga ciki tana cewa ihu ne kawai da ƙugi. Na ji dariyata. Na san abin da ke biye, ban tsaya ba, na fita waje wajen direba na tambaye shi ko akwai mai shayi a kusa.